Masai Daidai da Jiki: Banɗakin Dogaye, Masu Ƙiba da Naƙasassu

Masai na zama, irin na tangaran da ake girkawa a gidajen zamani da otal-otal da asibitoci, da awon matsakaicin mutum aka ƙera shi: ba dogo ba, ba gajere ba, ba mai jiki sosai ba, kuma mai ƙafafun da za su sauke shi su ɗaga shi ba tare da ya dafa kowa ba. Daga daɓe zuwa bakinsa yakan kama santimita 36 zuwa 38, in an ɗora mazauni ya kai wajen 40. Faɗin mazaunin bai cika wuce santimita 36 ba. Yawancin jama'a har su tsufa ba sa tunanin wannan awo, domin ya yi musu daidai. Amma ga dogon mutum, da mai ƙiba, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da wanda ke kan keken guragu, 'yan santimitocin nan ne ke yanke hukunci: ko mutum ya kewaya shi kaɗai cikin sutura, ko ya zauna jiran wanda zai kama shi.

Waɗannan mutane ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Ta kuma ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Shi ya sa kamfanonin kayan banɗaki suka shiga ƙera manyan masai, masu tsara gine-gine kuma suka fito da ƙa'idojin banɗakin masu buƙata ta musamman. Sai dai buƙatun sun sha bamban. Dogo tsayi yake nema. Mai ƙiba faɗi da ƙwari yake nema. Mai keke kuwa, filin da ke kewaye da masai ya fi damunsa a kan masai ɗin kansa. Wanda ya cakuɗa ukun nan yakan kashe kuɗi mai yawa ya tashi da banɗakin da bai amfani kowa ba.

Tsayi

Tashi daga zaune aikin cinya da gwiwa ne. Idan mazauni ya yi ƙasa da gwiwa, ƙugu yakan nutse, nauyin jiki ya koma baya, sai mutum ya sunkuyo gaba ya tattaro ƙarfin cinyoyinsa kafin ya miƙe. Gwargwadon yadda mazauni ya yi ƙasa, gwargwadon wahalar tashi. Matashi mai lafiya ba ya jin komai. Mai amosanin gaɓɓai, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa ƙafa, da mace mai tsohon ciki, su suka san bambancin. Dogo ma ya sani. A ƙasar Holan, inda matsakaicin tsawon namiji ya kai wajen santimita 183, masai mai santimita 40 yana sa gwiwoyin mutane da yawa su ɗago sama da ƙugunsu, zaman ya koma rabin tsuguno ba tare da amfanin tsuguno ba.

Awon da aka fi bi a yau daga Amurka ya yaɗu. A ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George H. W. Bush ya rattaba hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu wadda aka fi sani da ADA, kuma ƙa'idojin ginin da suka biyo bayanta sun ce mazaunin masan da aka tanada domin naƙasassu ya kasance tsakanin inci 17 da 19 daga ƙasa, wato santimita 43 zuwa 48. Ingila ta tsaya kan santimita 48. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Kusan shi ne tsayin mazaunin keken guragu. Wanda ƙafafunsa ba sa aiki da hannu yake jan jikinsa daga keke zuwa masai. In masai ya yi ƙasa, saukar ba wuya, komawar ce tashin hankali, domin sai ya ɗaga nauyin jikinsa gaba ɗaya da damatsansa ya hau. Daga baya kamfanoni suka lura cewa tsofaffi da dogaye ma suna son wannan tsayi, sai suka shiga sayar da shi ga gidaje. Wasu ma suna ƙera mai santimita 51 zuwa 53 domin dogayen gaske.

Ba dole sai an cire tsohon masai ba. Akwai ƙarin mazauni na roba mai kauri da ake ɗaurawa a kai, mai ƙara santimita 5, ko 10, ko 15, wani har da hannuwan dafawa. Shi ake yawan ba wanda aka yi wa aikin canjin ƙashin ƙugu, domin likitoci kan hana shi lanƙwasa ƙugu fiye da yadda yake lanƙwashe a zaman kujera, har sai wurin ya warke. Zaɓen tsayi kuwa kamar ɗinki ne, sai an sa tef a jikin mai kaya. Ana auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa, mutum yana sanye da takalmin da ya saba shiga banɗaki da shi. Mazaunin da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da wannan awo ko ya ɗara shi kaɗan, ta yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai.

A nan ne masu sayar da kaya ba su cika faɗin sauran maganar ba: tsayi yana da tasa illar. Gajeren mutum ko yaro a kan dogon masai ƙafafunsa reto suke yi, bakin mazauni ya danne bayan cinya, ƙafa ta yi sanyi, kuma mai raunin jiki yana iya tuntsurowa saboda ba shi da inda ya kafa ƙafa. Na biyu kuma, hanji ya fi son tsuguno. Akwai wata tsoka da ta zagaye ƙarshen hanji tana riƙe shi a lanƙwashe. Idan cinya ta matso ciki sai ta saki, hanya ta miƙe. A 2003 wani likita a Isra'ila, Dov Sikirov, ya gwada mutum 28, ya tarar da cewa a tsugune sukan gama cikin daƙiƙa 51 a matsakaici, a kan masai mai tsayin da aka saba kuwa sai sun kai daƙiƙa 130, kuma da ƙarin yunƙuri. Mutum 28 ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da aka sani game da tsarin jiki. Saboda haka mai fama da taurin bayan gida ko basir, in gwiwa ta tilasta masa dogon masai, yana da kyau a ajiye masa 'yar kujerar taka ƙafa: ya jawo ta bayan ya zauna, ya ture ta gefe kafin ya tashi.

Nauyi da faɗi

Masai na zama iri biyu ne ta fuskar girki. Akwai mai zama a ƙasa, wanda nauyin mutum ke bi ta jikinsa ya sauka kan daɓe. Akwai kuma na maƙalawa a bango, wanda ke rataye da manyan kusoshi a jikin wani firam na ƙarfe da aka ɓoye cikin gini. Na bango yana da daɗin shara, kuma ana iya girka shi a duk tsayin da ake so, amma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin firam da bangon ba. Ƙa'idar Amurka tana gwada shi da nauyin kilo 227, ta Turai da kilo 400. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ya ishi kowa. Matsalar ita ce mai ƙiba da gwiwoyinsa suka gaji ba a hankali yake zama ba, sakin jiki yake yi a ƙarshen saukar, kuma bugun da masai ke sha a wannan lokaci ya zarce nauyin da sikeli ke nunawa. Yau da gobe kusoshi su saki. Shi ya sa ƙa'idojin ginin asibitoci a Amurka suka fi son mai zama a ƙasa a ɗakunan majinyata masu ƙiba, kuma ana ƙera masu ɗaukar wajen kilo 450, da yawansu da ƙarfe marar tsatsa maimakon tangaran. A gidan da aka gina da bulo mai rami, rataya masai a bango ba tare da firam mai tsayawa a ƙasa ba ganganci ne.

Abin da ya fi saurin lalacewa ma ba tangaran ɗin ba ne, mazaunin roba ne. Yakan goce gefe, maƙalansa su karye, ko ya tsage ya tsunkuli fata. Manyan mazaunai sukan kai faɗin santimita 48, da maƙalai na ƙarfe da 'yan tudun roba a ƙarƙashi masu kama bakin masai don kada ya zame. Tsawon kwanon ma yana da muhimmanci. Mai zagayayyen baki yakan yi santimita 42 daga kusoshin mazauni zuwa gaba, mai dogon baki kuma 47. Ƙarin santimita 5 ɗin nan shi ke ba mai jiki da dogon mutum damar shigar da hannu su yi tsarki.

Akwai kuma tazarar bango, wadda aka fi mantawa da ita. Ƙa'idar ADA ta sa tsakiyar masai santimita 41 zuwa 46 daga bangon gefe, domin hannu ya kai ga ƙarfen riƙewa. Ga mai ƙiba sosai wannan matsi ne: ƙugunsa zai tokari bango ya hana shi zama a tsakiya. A ɗakunan asibitin da aka keɓe wa irinsu akan matsar da masai zuwa santimita 61. Wato banɗakin da ya cika ƙa'idar naƙasassu tsaf yana iya gagarar mai ƙiba.

Wata ɗabi'a da ya kamata a ambata a nan ita ce hawa kan masai na zama a tsuguna a bakinsa, ko don sabo ko don ƙyanƙyami. Ba a yi bakin tangaran don a tara masa nauyi a wuri biyu ƙanana ba. In ya fashe, kaifinsa na kwalba ne, kuma cinya da ɗuwawu yake yanka.

Fili, ƙarfe da ƙofa

Keken guragu na babban mutum yakan yi faɗin santimita 60 zuwa 70, na masu ƙiba ya fi haka. Kafin ya juya ya fuskanci inda ya fito, yana buƙatar da'ira mai faɗin santimita 152, ƙofa kuma ta bar sarari aƙalla santimita 81 in an buɗe ta. A Ingila ƙa'idar gini ta daɗe tana neman ɗaki mai santimita 150 a faɗi da 220 a tsawo. Filin da ke gefen masai shi ne zuciyar ɗakin, domin a nan ake jera keke kafaɗa da kafaɗa da mazauni, a ja birki, a ɗage hannun keken, mutum ya zame ya koma. Bokitin shara ko randar ruwa guda da aka ajiye a wurin ya isa ya kashe amfanin ɗakin baki ɗaya. Kuma tun da wani ɓarinsa na dama ne mai ƙarfi, wani na hagu, manyan gine-gine sukan sassaɓa: wannan bene fili a dama, na gaba a hagu.

Ƙarfen riƙewa, duk da arharsa, ya fi kowane abu a ɗakin hana faɗuwa. Ƙa'idar Amurka ta ce a kafa shi a kwance, santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa. Na gefe ya kai tsawon santimita 107, na baya 91. Kaurinsa daga milimita 32 zuwa 51, yadda hannu zai zagaye shi. Tsakaninsa da bango milimita 38, wato ya ishi yatsu amma bai isa hannu ya zurma ya karye ba in mutum ya zame. Dole kuma ya ɗauki nauyin kilo 113. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke bambanta shi da ƙarfen rataya tawul, wanda tsofaffi da yawa ke kamawa don ba su da wani, ya kuwa tumɓuke ya tafi da su ƙasa. A ɓangaren da babu bango akan sa ƙarfe mai naɗewa, a ɗage shi lokacin matso da keke, a sauke shi bayan an zauna. Ƙarfe a tsaye kusa da gaban masai yana taimakon mai jawo jikinsa sama, na kwance kuma mai turawa.

Haɗarin banɗaki ba zato ba ne. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a 2011 cewa a shekarar 2008 kaɗai, kimanin mutum 234,000 'yan shekara 15 zuwa sama aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a banɗaki, fiye da kashi 80 cikin ɗari kuma faɗuwa suka yi. Gwargwadon tsufa, gwargwadon yawan masu faɗuwa wajen zama ko tashi daga masai. Wannan ne dalilin da ya sa ake son ƙofa ta buɗe ta waje. Wanda ya faɗi a ƙaramin ɗaki yakan tokare ƙofar da jikinsa, masu ceto su rasa yadda za su shiga sai sun ture shi. Sakata ma a sa wadda za a iya buɗewa daga waje in ta ɓaci, mai mariƙin da ake dannawa da gwiwar hannu, ba mai murɗawa da yatsu ba. A Ingila ana rataya jar igiyar ƙararrawa wadda ke sauka har santimita 10 daga ƙasa, domin wanda ke kwance ya iya ja. Sau da yawa akan tarar masu shara sun naɗe ta sun ɗaure a sama don kada ta hana su aiki, kuma igiyar da aka ɗaure a sama da ita da babu duk ɗaya.

Duk wannan tsari ya ɗauka cewa mutum zai iya zama da kansa. Akwai waɗanda ba za su iya ba: manyan da naƙasarsu ta yi tsanani, masu sa ƙunzugu, waɗanda sai mutum ɗaya ko biyu sun ɗaga su. Iyayensu da masu kula da su sun daɗe suna shimfiɗe su a daɓen banɗakin jama'a don su canja musu kaya. A 2006 wasu ƙungiyoyi a Birtaniya suka ƙaddamar da gangamin Changing Places, suna neman ɗaki mai mita 3 a faɗi da 4 a tsawo, da gadon canji na babban mutum wanda ake ɗagawa a sauke, da na'urar ɗaga mutum mai tafiya a kan dogo a jikin rufi, da masai mai fili ta ɓangarori biyu domin masu taimako su tsaya. Daga Janairun 2021 Ingila ta wajabta irin wannan ɗaki a sababbin manyan gine-ginen jama'a, kamar manyan kantuna da filayen wasa.

Banɗakin naƙasassu, saboda girmansa da ƙarancin masu shiga, yakan koma ɗakin ajiyar tsintsiya da jarkoki, ko a garƙame shi mabuɗi yana aljihun wanda ya tafi cin abinci. Birtaniya ta rage wannan matsala tun 1981 da mabuɗin bai ɗaya da ake kira RADAR, wanda naƙasasshe ke riƙe nasa ya buɗe dubban banɗakuna a faɗin ƙasar. Wata ƙungiyar naƙasassu a birnin Darmstadt na Jamus ta fito da makamancinsa a 1986, kuma yana aiki har a Austiriya da Suwizalan.

Inda tsuguno ne al'ada

A yawancin gidajen ƙasar Hausa, da makarantu da tashoshin mota da kasuwanni, masai na tsuguno ne, ko shadda ce mai rami ko kwanon tangaran da aka shafe da daɓe. Ta fuskar hanji babu abin da ya fi shi. Amma yana neman gwiwa da idon sawu su naɗe har ƙarshe, mutum ya riƙe kansa a haka, sannan ya miƙe daga ƙasa ba abin kamawa. Tsoho da mai ƙiba da mai ƙafa ɗaya kowa da irin wahalar da yake sha a nan, amma babu kamar wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu. An ga mutum na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar shan inna ta kama a Najeriya a jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu, da yawansu da hannu suke tafiya. Kekensu mai ƙafa uku ba ya shiga ƙofar bayi. A bakin ƙofa suke sauka su ja jiki a kan daɓen da kowa ya taka ya jiƙa, da hannun da za su ci abinci da shi.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kayan waje. Cibiyar nazarin ruwa da tsafta ta Jami'ar Loughborough a Ingila ta wallafa littafi a 2005, na Hazel Jones da Bob Reed, wanda ya tattara dabarun da naƙasassu da iyalansu suka ƙirƙiro da kansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma kusan dukkansu aikin kafinta ne da magini da mai walda. Mafi sauƙi ita ce kujerar katako da aka huda tsakiyarta, a shafa mata fenti don ta wanku, a ɗora ta bisa rami lokacin buƙata, a ɗauke ta don sauran mutanen gida su tsuguna. Kujerar roba ma ana hudawa, amma ba ta dace da mai nauyi ba, domin hudar tana rage mata ƙarfi kuma ƙafafunta na iya bajewa a kan santsi. Wanda ke son abu mai ɗorewa sai magini ya ɗora bulo biyu, ɗaya a kowane gefen rami, ya shafe su da siminti ya goge sumul, ya bar tsakiya a buɗe. Ana kuma sayar da mazaunin roba na SATO, mai murfin da ke rufe kansa ya tare wari da ƙudaje. Ƙarfen riƙewa kuwa bututun ruwa na ƙarfe ya wadatar, in dai an binne ƙafafunsa cikin kankare, domin bangon ƙasa ba ya riƙe kusa. Inda babu hali, igiya mai ƙulli-ƙulli da aka ɗaura a ƙaƙƙarfan itacen rufi tana taimakon mai tashi daga tsuguno.

Ga mai ƙiba, abin dubawa na farko a shadda shi ne murfin ramin. Wanda aka yi da azara aka lulluɓe da ƙasa, gara da damina suna cin sa ta ciki ba tare da an gani ba, kuma mafi nauyin mutanen gida shi ne zai fara gano haka. Murfin kankare mai rodi shi ne abin dogaro. Hanyar zuwa bayin ma tana cikin lissafi. Dokin ƙofa mai tsayin taƙi ɗaya ya isa ya tsayar da keke. In dole sai an hau, a yi gangare, kowane santimita 1 na hawa a ba shi aƙalla santimita 12 na tsawo, in an sami 20 ya fi. Makaho kuwa igiyar da aka ja daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayi ta ishe shi jagora, sannan 'yan tudun taka ƙafa a gefen rami su nuna masa inda zai tsaya ba sai ya lalluba da hannu ba.

Tsarki da ruwa ya kawo wani sharaɗin da ƙa'idojin Turai da Amurka ba su yi la'akari da shi sosai ba, domin da masu goge jiki da takarda a zuciya aka rubuta su. Mai buta hannunsa na dama yana zuba ruwa, na hagu yana wankewa, babu hannun da ya rage na kama ƙarfe. Ke nan dole mazauni ya riƙe mutum da kansa, ya kuma bar sararin shigar hannu ta gaba ko ta baya. Wanda hannu ɗaya kawai ke masa aiki, mesa mai fesa ruwa ta fi masa buta nesa ba kusa ba, in an maƙala ta a ɓangaren hannun mai lafiya. Kamfanin TOTO na Japan ya fito da mazauni mai wanke mutum da kansa a 1980, kuma ya zama babban gata ga masu raunin hannu, sai dai yana son wutar lantarki da ruwan famfo mai ƙarfi. Akwai irin da ba ya buƙatar wuta, ƙarfin ruwan tanki kawai. Ruwan tsarki kuma yana nufin daɓe a jiƙe kullum. Tayil mai sheƙi a irin wannan wuri tarko ne. A sa mai kaushi, a karkata daɓen kaɗan zuwa magudana. A gidan Musulmi akwai kuma batun kauce wa fuskantar alƙibla ko ba ta baya, wanda ke ƙayyade bangon da masai zai jingina. Gara a daidaita shi da filin keke tun a kan takarda.

Doka da kuɗi

Wanda banɗaki ya gagara yakan nemi mafita a jikinsa. Ya rage shan ruwa, ya rage ci, ya riƙe fitsari har ciwon mara ya kama shi, ya daina zuwa kasuwa da ɗaurin aure. Yaro mai naƙasa yakan bar makaranta saboda bayi, ba saboda karatu ba. Dattijon da 'ya'yansa ke ɗauka su kai shi su tsaya a kansa, kunyar da yake ji ta fi masa ciwon gwiwar zafi. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, ta watan Disambar 2006, ta sa samun shiga gine-gine cikin haƙƙoƙi, ba cikin alfarma ba. Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010.

Kuɗin ba su kai yadda ake tsoro ba, in an yi abin a kan lokaci. Wani nazari da cibiyar Loughborough ɗin nan ta yi kan bayin makarantu a Habasha ya nuna cewa ƙarin kuɗin mayar da su masu shiguwa ga naƙasassu bai kai kashi 3 cikin ɗari na kuɗin ginin ba. Tsadar tana zuwa ne in an gama gini. Masai da mazauni da ƙarfe duk mai gyaran famfo zai canja su a wuni ɗaya, amma faɗaɗa ƙofa ko ƙara wa ɗaki fili sai an fasa bango an tono bututu. Don haka faɗin ƙofa da girman ɗaki su ne abin da ya kamata mai gini ya tsaya a kai tun ana fitar da harsashi, ko da kuwa babu naƙasasshe a gidan a yau.

A Najeriya batun ya wuce shawara. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su yi gyaran da zai ba masu buƙata ta musamman damar shiga da amfani da su, aka kuma kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta kuma hana amincewa da zanen duk wani sabon ginin jama'a da bai yi wannan tanadi ba, kuma jami'in da ya amince da shi yana fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun.